Albarkar masu sha'awar jinsi ɗaya: abin da ya raba Vatikan da cocin Afirka

Ranar 18 ga Disamba 2023, Fadar Vatikan ta fitar da takardar Fiducia Supplicans, da sa hannun Kadinal Victor Manuel Fernandez da amincewar marigayi Paparoma Francis. Takardar ta bai wa limaman cocin Katolika damar sa wa ma'abota jinsi ɗaya da ke zaune tare albarka, bisa sharaɗin kada ta yi kama da ɗaurin aure. Ba a cika wata ba, ranar 11 ga Janairu 2024, ƙungiyar bishop-bishop ta Afirka da Madagaska, SECAM, ta bakin shugabanta Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, ta ce ba za a yi hakan a nahiyar ba. Matsayin ya haɗa da majami'un Yamai da Maraɗi, waɗanda ke cikin taron bishop-bishop na Burkina da Nijar.

Abin lura shi ne ɓangarorin biyu ba su saɓa kan aƙida ba. Littafin koyarwar Katolika ya bambanta sha'awar da mutum ke ji a zuciya da aikin da yake aikatawa. Aikin ne coci ya haramta. Mutumin kuwa an umarta a mutunta shi, a tausaya masa, kada a zalunce shi. Aure kuma, a wurin Roma da Kinshasa duka, tsakanin namiji da mace yake.

To a ina gizo ke saƙar? A ma'anar albarka. Francis, wanda ya tashi a ƙungiyar Jesuit mai ba tantancewar ruhaniya muhimmanci, yana ganin limami ya dubi mai neman taimakon Ubangiji tun kafin ya dubi laifinsa. Shi ya sa Vatikan ta bayyana, ranar 4 ga Janairu 2024, cewa addu'a ce ta daƙiƙa 10 zuwa 15. Bishop-bishop na Afirka kuwa suna duban abin da jama'a za su gani: a al'adunmu, wanda babba ya sa wa albarka, ya yarda da tafarkinsa ke nan. A ƙasashen da Kiristoci ƴan tsiraru ne, suna maƙwabtaka da Musulmi, irin wannan fahimta na iya zubar da ƙimar coci.

Sauran ɗariƙu sun biya farashi mai tsada. Bayan cocin Ingila ya amince da addu'o'in albarka a Fabrairu 2023, shugabannin Anglika na ƙungiyar GAFCON suka taru a Kigali a watan Afrilu, suka ce ba su ƙara amincewa da jagorancin Kantabari. A Mayu 2024, Methodist na Kodebuwa suka zaɓi ficewa daga uwar cocinsu.

Roma ta kauce wa wannan ɓaraka ta hanyar barin Afirka kan matsayinta, kuma lissafi na cikin dalilan: Katolikan Afirka sun kai miliyan 281 a 2023, kashi 20 cikin ɗari na mabiya a duniya. Amma sulhun ya bar wa Paparoma Leo na 14 coci ɗaya mai aiki iri biyu. Ya kuma bar wa limaman Afirka aikin da ƙin albarka bai sauke musu ba: sauraron mabiyin da ya zo da wannan damuwa a asirce, ba tare da an kore shi ko an tona masa asiri ba.