Ƙauye Ba Gidan Horon Malamai Ba Ne



Kullum muna kukan babu masu karanta littattafanmu. To wa zai karanta, alhali yaro yana gama aji shida bai iya haɗa baƙi da wasali ba?

Ƙanwata tana aji uku a firamaren garinmu. A shekarar karatu ɗaya malamai uku suka riƙe ajinsu. Na farko ya saɓa da hedimasta, aka cilla shi wani ƙauye. Ta biyu tana da hanya, wata biyu ta yi aka mayar da ita birni. Na uku ya zo ana saura mako uku jarrabawa, ko sunayen yaran bai riƙe ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka mayar da canjin wurin aiki bulala. Malami ya yi fashi, ko ya bi ɗan takarar da ya faɗi zaɓe, sai a ce a kai shi ƙauye. Mai uwa a gindin murhu kuma a bar shi birni. Yaran ƙauyen, wane laifi suka yi?

Za a ce ma'aikacin gwamnati ba ya zaɓar wurin aiki. Haka ne, kuma makarantar da ba ta da malamin lissafi dole a kai mata. Amma malami sai ya yi watanni kafin ya gane wane yaro ne kunnensa ba ya ji sosai, wace yarinya ce talla ke sa ta makara. Wannan sanin ba ya shiga takardar miƙa aiki, da shi yake tafiya.

Dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin shekara tara kyauta ne kuma dole. A 2020 Shugaba Buhari ya yi alkawarin alawus ga malaman karkara. Ku tambayi malamin ƙauyenku ko ya gani a albashinsa.

Abin da nake nema a wurin SUBEB da Sakatarorin Ilimi kaɗan ne: a riƙa yin canji a dogon hutu kawai, malami ya yi aƙalla shekara uku a makaranta, kada a ɗauke shi sai magajinsa ya iso, mai laifi kuma a hukunta shi inda yake.

Mu kuma, labaran soyayya ba laifi ba ne, amma wannan makon kowa ya leƙa firamaren da ta yaye shi, ya tambayi malamai nawa aka sauya bana, ya rubuto mana.