Daga Allon Malam: Ƙanƙara da Tafasasshen Ruwa a Wuri Guda

Kwanan baya wani ɗalibina ya yi mini gardama a aji, wai ba yadda za a yi ƙanƙara da tafasasshen ruwa su zauna wuri guda. To, ga amsa.

A ƙasar Aisland, kimanin kilomita 45 daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, akwai kwarin Reykjadalur, wato "kwarin tururi". Da hunturu baƙi kan bi ɗan jagora su hau tudu, tafiyar kilomita 3 cikin dusar ƙanƙara. Ga tururi na tashi, laka na zaɓaɓɓaka kamar talge, ga warin farar wuta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A ƙarshe sai su yi wanka cikin rafi mai ɗumi.

Dalili kuwa shi ne ƙasar tana kan tsagar da ɓawon duniya ke darewa, kusan santimita 2 kowace shekara. Narkakken dutse na kusa, shi ke dafa ruwan da ya nutse ƙasa.

Me ya sa ake bin ɗan jagora? Ƙasar bakin ramukan ba ta da kauri. Wanda ya kauce hanya, ƙafarsa na iya burmawa ta ƙone.

Iyaye, kada mu tsawata wa yaro mai tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.