Malamin Zanen da Bai Taɓa Yin Zane Ba

Yau ina so mu ɗan leƙa ajin firamare, domin akwai wani darasi da ake yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a ganina tushen matsalar yana can kwalejojin horar da malamai.

A manhajar ilimin bai-ɗaya na shekara tara da hukumar NERDC ta fitar a 2007, kiɗa da waƙa da zane da wasan kwaikwayo duk an ɗura su cikin darasi guda, wanda malamai ke kira CCA. A ƙasar Hausa kuwa gidan makaɗa daban, gidan marina daban, gidan magina daban, kowa sai ya yi shekaru a gaban ubangidansa kafin hannunsa ya faɗa. To amma mu sai muka ɗora wa malami ɗaya, wanda galibi bai koyi ko ɗaya ba.

Me zai yi? Abin da aka yi masa. Zai shiga aji ya rubuta ma'anar kiɗa a allo da Turanci, ya lissafo ire-iren layi, ya ce launukan asali uku ne: ja, shuɗi da rawaya. Yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Yaro ya gama aji shida bai taɓa gauraya shuɗi da rawaya da hannunsa ya ga kore ya fito ba. Kai, har aikin hannun da a da ake sa ɗalibai su tufka igiya ko su saƙa faifai, a makarantu da yawa ya koma kawo tsintsiyar kasuwa ko kuɗinta.

Ban ga laifin malamin ba. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, karatun shekara uku, kuma hukumar NCCE da aka kafa a 1989 ita ke shata abin da za a koya. Ɗalibin da ke shirin koyarwa a firamare sai ya taɓa kowane fanni, lissafi, kimiyya, harshe, sai kason fasaha ya zama ɗan kaɗan, shi ma akasari lacca ce da takardun haddacewa a ɗakin da ya cika maƙil. In ya fita koyarwar gwaji, mai duba shi ya fi damuwa da tsarin rubutun darasi fiye da ko yara sun rera wani abu.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne babu kayan aiki, babu fiyano, babu fenti. Wannan uzuri bai gamsar da ni ba. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Barmani Choge ƙwarya ce kayan aikinta. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, a ƙauye ta koyi ginin tukwane tun kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a 1954. Yumɓu, gawayi, jar ƙasa, baba, lalle, karan dawa, wanne ne sai an yi odarsa daga Ingila?

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa, wanda kwalejoji ke kauce wa faɗa. Iyaye da yawa a wajenmu in sun ji kiɗa, roƙo suke ji, kuma ba wanda ya kai ɗansa boko don ya zama maroƙi. Ga kuma saɓanin malaman addini a kan kayan kiɗa da zana abu mai rai. Sabon malami ɗan shekara ashirin da 'yan kai, in uba ya zo makaranta da fushi, me aka koya masa ya ce? Babu. Don haka sai ya zaɓi zaman lafiya, ya koma kwafar allo. Alhali ƙofa a buɗe take. Nana Asma'u da waƙa ta ilimantar da mata ta hannun 'yan taru, kuma har gobe makarantun Islamiyya da rerawa suke cusa karatu. Murya da tafi irin na gaɗa sun isa a koyar da kari da amshi. A zane kuma ga zayyanar allon sauka, ga dagi, ga aikin hula, ga adon bangon gidajen Zariya da Kano, duk babu mai rai a ciki, kuma cike suke da awo da daidaito da malamin lissafi ma zai yi murna da su.

Shawarata ga masu tsara karatun kwalejoji, kada a bai wa ɗalibin sashen firamare takarda sai ya tsaya gaban yara ya ja su waƙa ba tare da kari ya karye ba, ya kuma haɗa launi uku daga abin da ke garinsu. A riƙa gayyato marini daga Ƙofar Mata, da mai ginin tukwane, da mai zayyana, su shiga aji su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan malamin wucin-gadi, ko da ba su da takardar boko ko ɗaya.