Ƙwarƙwatar Zuma: A Ƙirga Ƙafa Kafin A Sayi Magani

A makon nan na so in ci gaba da batun ajiyar hatsi, amma sai wani al'amari ya gitta wanda na ga bai kamata a jinkirta shi ba, domin lokacin ɗiban zuma ya gabato, kuma kuskuren da zan ambata yana iya jawo wa mutum asarar wahalar shekara guda a dare ɗaya.

Kwanan baya na je Kafanchan, na biya wajen wani dattijo da na saba sayen zuma a hannunsa, wanda gidansa ke can gindin duwatsun Kagoro. Manomin citta ne tun tasowarsa. Amma tun daga daminar 2023, lokacin da annobar ruɓewa ta auka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da sauran sassan kudancin Jihar Kaduna, sai ya mai da ƙarfinsa ga kiwon zuma. Yana da amya irin ta gargajiya a bisa itatuwa, yana kuma da 'yan akwatuna irin na zamani, kuma da abin da yake samu a ciki ne yake biya wa jikokinsa kuɗin makaranta.

Bayan mun gaisa sai ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya ce, "Malam, duba mini wannan masifa. A bayan sarauniya na same su har guda biyar, wasu kuma a wuyan ma'aikata. An ce mini ita ce kaskar nan da ta addabi zuma a ƙasashen Turawa. Har na sayo fiya-fiya, daren yau zan fesa."

Na ce, "Baba, don Allah ka dakata, mu ƙirga ƙafafunsu tukuna."

Ya yi dariya ya ce, "Ƙafa kuma, Malam? Ɓarawo ya shigo gida, sai ka tsaya ƙirga masa ƙafa?"

Muka juye su a kan farar takarda, na ɗora gilashin ƙara girma, muka ƙirga tare. Shida ne, uku a kowane gefe. Na ce masa ya mai da fiya-fiyarsa ɗaki, domin baƙon nasa ba kaska ba ne, ba kuma ƙwarƙwata ba ne, ko da yake sunan da ake kiransa ke nan. Ƙuda ne.

Na san mai karatu zai yi mamaki kamar yadda dattijon ya yi. To, masana halittu ba da kama suke raba ƙwari dangi dangi ba, da ƙirar jiki ne da yadda ake haihuwa. Mai ƙafa takwas, kamar kaska da gizo-gizo da kunama, gidansu dabam. Mai ƙafa shida, wanda jikinsa ya kasu kashi uku, watau kai da ƙirji da ciki, shi ma gidansu dabam. A cikin masu ƙafa shida akwai babbar zuriyar da ake kira Diptera, ma'ana masu fiffike biyu, kuma a nan ne ƙudan gida da sauro da tsando suke. Abin ban dariya, ƙudan zuma da muke ce wa ƙuda ba ya cikin wannan zuriya, domin fiffikensa huɗu ne, kuma 'yan'uwansa su ne rina da zanzaro da tururuwa. Ashe wanda muke kira ƙuda ba ƙuda ba ne, wanda ke maƙale a bayansa muna ce masa ƙwarƙwata shi ne ƙudan gaskiya. Hausawa sun gama magana da suka ce kama da wane ba ta wane.

Sunan da masana suka ba shi shi ne Braula coeca. Bari mu dubi ƙirarsa daga kai har ƙafa. Tsawonsa kamar milimita 1.5 ne, watau misalin ƙwayar acca. Launinsa ja ne mai duhu, jikinsa duk gashi ne tsaitsaye. Kansa faffaɗa ne, yana manne da jiki ba alamar wuya. Manyan idanun nan da suka cika kan ƙudan gida, a wurinsa sun shafe, saura ɗan gurbi kawai a kowane gefe, shi ya sa aka laƙaba masa coeca, watau makaho da harshen Latin. 'Yan ƙahonnin da yake shinshina da su gajeru ne, suna kwance cikin ɗan rami a goshinsa. Bakinsa kuwa mai laushi ne, na lasa, ba shi da tsinken huda fata irin na sauro ko tsando. A riƙe wannan, domin za mu komo gare shi.

Ƙirjin ƙuda mai tashi babba ne, saboda a nan naman da ke kaɗa fiffike yake. Na wannan kuwa ya tsuke ƙwarai, har mutum ya ɗauka ɗaya ne daga cikin gaɓoɓin ciki. Ba fiffike, ko kututturensa babu. Har ila yau, ƙudaje suna da wasu 'yan sanduna biyu a bayan fiffike masu kama da tsinken ashana, waɗanda ke daidaita su a sama don kada su wuntsila. Su ma babu su a jikinsa.

Abin da ya rasa a fiffike ya same shi a ƙafa. Ƙafafunsa kauri gare su, a bubbuɗe suke, kuma a ƙarshen kowace ɗaya, inda sauran ƙudaje ke da farce biyu, shi mataji gare shi mai haƙora kusan 30. Da wannan mataji yake sarƙe gashin ƙudan zuma, ko tana tashi ko tana kakkaɓe jiki ba ya faɗuwa. Kusa da matajin akwai 'yan matasai biyu masu laushi da yake manne wa wuri mai santsi da su. Masu bincike a Jami'ar Kiel ta ƙasar Jamus sun auna riƙonsa a 2021, suka tarar yana iya jure jan da ya fi nauyin jikinsa sau 1,000.

To, tun da ba fiffike ba ido, ta yaya aka gane ƙuda ne? Ta wajen 'ya'yansa. Ƙwarƙwata idan ta ƙyanƙyashe, ƙaramar ƙwarƙwata ce ke fitowa. Wannan kuwa macen tana saka fararen ƙwai a kan murfin kakin da ƙudan zuma ke rufe zuman da ya nuna da shi. Daga ƙwan sai tsutsa marar ƙafa ta fito, irin ta ƙudan gida sak, ta riƙa haƙa siririn rami a cikin murfin, tana cin abin da ta samu. Idan ta ƙoshi sai ta kwanta cikin kwasfa a ƙarshen ramin, daga nan babba ya fito, fari fat, sa'an nan ya rine zuwa ja. Daga ƙwai zuwa babba kamar mako uku ne. Idan bai sami ƙudan zuman da zai hau ba cikin sa'o'i kaɗan, mutuwa zai yi.

Cin abincinsa ma abin kallo ne. Yakan gangaro zuwa fuskar ƙudan zuma, ya riƙa sosa mata leɓe da ƙafa har ta fito da ɗigon abinci, ya lashe. Ko kuwa ya jira lokacin da ma'aikata ke ciyar da sarauniya, ya sa baki a akushi. Dalilin da ya sa ya fi son bayan sarauniya ke nan, domin a nan girki ba ya yankewa. Bugu da ƙari, jikinsa yana ɗauke da wari irin na mutanen amyar, don haka masu gida ba su gane shi baƙo ne.

Masana sun daɗe suna gardama a kan gidan da za su ajiye shi. Wani Bafaranshe mai suna Réaumur ya bayyana shi tun a 1740. A 1818 wani Bajamushe, Nitzsch, ya raɗa masa suna, ya haɗa shi da ƙudajen nan masu maƙalewa a jikin dabbobi da tsuntsaye da jemagu, waɗanda ba su saka ƙwai, tsutsa suke haifa kamar yadda tsando ke yi. Aka zauna a kan haka shekaru masu yawa, sai wajen 1921 wani masani a Afirka ta Kudu, Skaife, ya nuna ƙwansa da tsutsarsa a cikin saƙar zuma, wannan dangantaka ta rushe. An ware masa gida nasa na kansa, Braulidae, ɗan ƙaramin gida wanda irin da ke cikinsa ba su kai 10 ba. Wasu a Afirka aka fara gano su, wasu manya kuma a 1986 aka bayyana su daga ƙasar Nefal, a jikin manyan ƙudan zuma masu saƙa a bangon dutse. Bambance su ɗaya da ɗaya aikin madubin likita ne.

A 2024 masana a Faransa suka karanta ƙwayoyin gadonsa, suka tarar asalinsa daga zuriyar ƙananan ƙudajen nan ne masu jajayen ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ga wanda kakanninsa suka yi tashi shi kuwa ya ɓuge da hawan bayan wani. A cikin duhun amya ido ba shi da amfani, fiffike kuma kaya ne ga wanda ya sami abin hawa kyauta.

Yanzu sai mu juya ga wadda dattijo ya ji tsoro, kuma tsoron nasa yana da dalili. Sunanta Varroa, 'yar'uwar kaska ce, ƙafarta takwas. Launinta da girmanta kusan ɗaya ne da na baƙonmu, amma ita shimfiɗaɗɗiya ce, faɗinta ya fi tsawonta, tana sheƙi, ƙafafunta kuma a tattare suke a ƙarƙashinta ta wajen gaba. Shi kuwa a tsaye yake bisa ƙafafunsa, yana da gudu. Ita bakinta na huda ne. Tana shiga ramin 'ya'yan zuma kafin a rufe, musamman na maza, ta hayayyafa a ciki, tana tsotsar kitsen jikinsu, tana kuma sa musu cutar da ke sa su fito da naƙasasshen fiffike. Asalinta daga Asiya ne. An gan ta a Afirka ta Kudu a 1997, kuma a 2012 aka ba da rahoton samunta a kudu maso yammacin Nijeriya. Sai dai bincike a ƙasashe irin su Kenya ya nuna ƙudan zuman Afirka yana jure mata fiye da na Turai.

Ɓarnar ƙwarƙwatar zuma kaɗan ce idan aka gwada da wannan. Idan ta yi yawa a kan sarauniya tana iya rage mata saka ƙwai, kuma ramukan tsutsarta suna ɓata kyan saƙa ga mai sayar da zuma da saƙarsa. Iyakarta ke nan. Mai satar loma dabam, mai shan jini dabam, hukuncinsu ba zai zama ɗaya ba.

Saboda haka ga shawarata ga masu amya. Da farko, idan ka ga jan ɗigo a bayan ƙudan zuma, kama kaɗan ka zuba a farar takarda ka ƙirga ƙafa. In ba ka da gilashi, kyamarar wayar hannu ta wadatar idan ka jawo hoton kusa. Na biyu, duba saƙa. Siraran layuka farare a kan murfin zuma aikin ƙwarƙwata ne, amma jan ɗigo a jikin fararen 'ya'ya a cikin rami, ko ƙudan zuma masu murɗaɗɗen fiffike suna rarrafe a bakin amya, alamar kaska ce. Na uku, in ƙwarƙwata ce, ɗan hayaƙin taba kaɗan yana sa ta saki ta zubo, sai a share a ƙone, kuma ɗiban zuma a kan kari tare da narka kakin yana kashe ƙwai da tsutsa. Na huɗu, in ƙafa takwas ka ƙirga, sa su a kwalba ka kai wa malamin gona, kada ka yi wa kanka magani.

Ko wacce ce daga cikinsu, kada fiya-fiya ko maganin feshin gona ya kusanci amya. Ƙudan zuma zai riga baƙon mutuwa, abin da ya rage na guba kuma ya zauna cikin zuman da yara za su sha. Kada mu manta, a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wake daga Nijeriya saboda ragowar irin wannan guba. Mutanen da citta ta riga ta kayar ba su da ƙarfin da za su ɗauki asarar sunan zumansu.

Ina kuma kira ga malaman aikin gona na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, da su zaga ƙauyukan Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Kachia, su duba amya, su tattara samfuri, su kuma buga hoton waɗannan halittu biyu gefe da gefe da bayani cikin Hausa, a manna a kasuwanni. Takarda guda tana iya ceton amya ɗari.

Da zan tafi dattijo ya rako ni bakin hanya, ya ce, "Malam, shekara sittin ina shan zuma, ban taɓa sanin ƙirga ƙafa yana cikin sana'ar ba."

Na ce, "Baba, matambayi ba ya ɓata. Da ba ka nuna mini kwalbar nan ba, da yanzu wani labarin ake yi."

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan batun rumbu da ƙwarin da ke cin hatsi.