Begoniyar Dutsen Kupe: Raina Kama Ka Ga Gayya

Duk lokacin da aka taso da batun kare halittu, giwa da goggon biri ne ke fara zuwa zuciya, ba safai akan tuna da ƙananan tsirrai ba. Wannan kuwa kuskure ne.

A dazuzzukan Dutsen Kupe da tsaunukan Bakossi, kudu maso yammacin Kamaru, akwai wani ɗan tsiro mai rawayan fure da masana ke kira Begonia duncan-thomasii, wanda ba a samunsa a wata ƙasa sai Kamaru. Rayuwarsa ta dogara ga inuwa da laima, 'ya'yansa kuma ƙanana ne kamar ƙura, ba sa yin nisa da uwarsu. Saboda wannan rashin yaɗuwa ne masani Marc Sosef ya nuna, a shekarar 1994, cewa wuraren da dangin wannan tsiro suka yawaita su ne inda daji ya tsira daga sanyi da farin da suka addabi Afirka kimanin shekaru 18,000 da suka wuce.

Yau sare daji domin noma ke barazana gare shi. Ba shakka manomi na da hakkin neman abinci, amma dajin nan ne ke ciyar da ƙoramun da gonarsa ke sha. Dasa tsiron cikin tukunya zai ceci irinsa, amma shaidar da yake bayarwa tana ga inda ya tsiro. Don haka dajin ne ya wajaba a kare, tare da mazauna wurin. Ya kamata kuma malamai su koya wa ɗalibai duban ƙasa, ba saman bishiya kaɗai ba.