WAI SAI MAI HANYA

Mai karatu, yau ka yi mini haƙuri, na ajiye labarin soyayya gefe guda. Maganar ƙannenmu 'yan makaranta zan yi, musamman na gabashin Sakkwato, wato Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke bakin iyakar Nijar. Wanda maganar ta taɓa, to ya yi haƙuri shi ma, don ba zan tauna ta ba.

Duk yaron da ke karanta injiniya ko noma ko kimiyya, a jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ko a kwalejin Umaru Ali Shinkafi, akwai ranar da makaranta za ta miƙa masa takarda da logbuk ta ce je ka nemi wurin sanin makamar aiki, abin nan da yara ke ce wa ai-ti. Sunan tsarin SIWES, hukumar ITF mai hedikwata a Jos ce ta kafa shi tun 1973. Ɗan jami'a wata 6 yake yi, ɗan foli wata 4, kuma in bai yi ba babu maganar kammala karatu. To amma fa takarda kawai ake ba shi, neman wurin nasa ne. Kowa kuma ya san inda idon yara yake, NNPC, Babban Banki, manyan ma'aikatun Abuja, in ya gaza ko wata ma'aikatar jiha mai ɗan maiƙo. Ba don kwaɗayi ba ne kawai. Wanda ya yi wata 6 a irin wannan ofis an san fuskarsa, gobe in ya zo bautar ƙasa a neme shi, jibi in gurbi ya samu a tuna da shi. Wanda ya rasa kuwa, shagon hoton takardu zai ƙare, ko ya zauna gida ya cika logbuk da ƙarya ya biya a buga masa hatimi. Shi ke nan an yi injiniya.

In ka yi ƙorafi sai a ce maka ai yanzu komai ya koma intanet, babu ɗan sarki babu ɗan talaka, kowa ya shiga ya cika fom. Wannan magana ita ce ta fi ƙona mini rai, saboda masu faɗinta sun san ba haka ba ne.

Mu ɗauki 2020. Cikin watan Yuni aka buɗe neman N-Power kashi na uku, mai biyan naira 30,000 a wata, sama da mutum miliyan 5 suka nema. Wata guda kafin nan, a ƙarshen Mayu, 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da ƙauyukan da ke kusa da su cikin ƙasar Sabon Birni. Wanda ke zaman makoki, ko yake gudun hijira can wajen Gidan Rumji a ƙasar Maraɗi, shi ne zai zauna yana ɗora hoton fasfo a kwamfuta? Ta 2021 ma ta fi. A ƙarshen Agusta gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin Jubilee tare da hukumar UNDP, wai matasa 20,000 da suka gama jami'a za a tura wuraren aiki su yi shekara guda ana biyansu. Aka buɗe cika fom cikin Satumba, aka rufe cikin Oktoba. To a cikin wannan Satumbar dai aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gwamnati ɗaya ce fa, jama'a! Da hannun dama ta buɗe ƙofa, da hagu ta kashe waya. Mutane suna hawa tudu suna laluben sabis ɗin Nijar don su ji lafiyar 'yan'uwa, ina maganar cika fom mai shafi-shafi? Ban ce datse layin ba shi da dalili ba. Amma wane ne a Abuja ya ce a tsaya, akwai yaran da muka rufe wa baki, a ƙara musu lokaci?

Sai wani ya ce to su shigo Sakkwato mana, ga shagunan kwamfuta nan birjik. Allah sarki. Ta wace hanya? Ta hanyar da aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa a Disamba 2021? Ko ta Kwanar Maharba, inda aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Yulin 2024 yana dawowa daga Sakkwato, har ya rasa ransa a hannunsu cikin Agusta? In sarki bai tsira ba, ina ga yaro mai jakar leda da takardu a ciki? Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Yau a ce lambar NIN, gobe a ce sunan da ke BVN bai yi daidai da na takardar makaranta ba, jibi a ce ina takardar shaidar ƙaramar hukuma. Kowace takarda kuɗin mota ce, kowace tafiya sai uwa ta kwana kan sallaya.

Yanzu bari na zo kan namu, don ba duka laifin Abuja ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa raba muƙamai daidai tsakanin sassan ƙasa, har da hukumar raba-daidai da aka kafa tun 1996. Shi ya sa ake tambayar takardar asali. To wa ke cin rabon Gobir? Ka duba da kyau. Sau da yawa yaro ne da aka haifa a Abuja ko Kaduna, ya yi makarantar kuɗi, bai taɓa kwana Sabon Birni ba, bai san ƙofar gidan kakansa ba, ko gaisuwar Gobirawa bai iya ba. Ranar da gurbi ya fito sai baba ya ɗaga waya, a sa hannu a aiko da takardar har gida cikin ambulan. Shi kuwa wanda ya yi firamare a ƙarƙashin bishiya, wanda ubansa ya sayar da tunkiya ya biya harajin 'yan bindiga kafin a bar shi ya yi girbi, yana can bakin sakatariya ana ce masa oga bai shigo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A takarda an rubuta Sabon Birni ta samu, a gari kuwa ba wanda ya ji labari.

Ban hana ɗan birni gadon ubansa ba, shi ma ɗan ƙasa ne. Amma shi yana da uwa a gindin murhu, ko ba da sunan Gobir ba zai ci. Don me sai ɗan abin da ya rage wa marar gata?

Na 'yan mata kuwa ba a magana. Yarinya ta yi ta fama har ta kai aji uku, ta samu wurin ma da ƙyar, sai a tashi maganar masauki. Alawus ɗin da aka daɗe ana ba ɗan SIWES naira 2,500 ne a wata, shi ma sai an gama da daɗewa yake fitowa in ya fito. Ina ɗaki, ina abinci, ina kuɗin mota? Sai wani alhaji ya ce ta zo ofis bayan la'asar su yi magana. Uba ya ji haka ya ce ta dawo gida, kuma wallahi ban ga laifinsa ba. Sannan a dawo ana cewa mutanen nan ba sa son karatun mata.

Isa da Sabon Birni ɗan majalisar tarayya ɗaya suke turawa Abuja, ga 'yan majalisar jiha, ga ciyamomi biyu, ga kansiloli. Ba mu ce su raba kuɗi ba. Duk shekara a tara sunayen ɗaliban da lokacin ai-tinsu ya zo, a san makarantarsu da mazaɓarsu, ofishin ɗan majalisa ya bi musu takardun da kansa. A kama gida ɗaya a Sakkwato inda 'yan matanmu za su sauka da dattijuwa mai kula da su. Duk gurbin da aka samo da sunan ƙaramar hukuma kuwa, a liƙa sunan wanda ya samu a bangon sakatariya, da sunan ubansa da unguwarsu, ranar kasuwa kowa ya zo ya karanta, mu ga ko mai unguwa ya san shi.