Turancin 'Ya'yanmu, Amfanin Wa?

Ya ku talakawan Gaya da Ajingi! Ga wasu samarinmu masu ilimi suna neman aikin koya wa kuku da boyi Turanci a otal-otal na Dubai. Uba ya kai gero da tunkiya kasuwa, ya damƙa wa dillalin biza kuɗin. To, a 2022 Dubai ta rufe wa 'yan Nijeriya ƙofa, ba ta buɗe ba sai 2024. Wa zai biya uban in an sake rufewa?

Mu ba mu ga laifin yaro ba, rashin aiki ya kore shi. Alhali firamarenmu na kukan malamai. Gwamnati ta ɗauke su, ta biya su albashin kirki, su koya wa ƙannensu. In ta ƙi, ranar zaɓe ma tuna.